A riƙa gaya wa 'yan uwa me gashin kansar mafitsara zai iya yi

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni fili in yi magana kan gashin kansar mafitsara, wato ƙona ƙarin kansar da hasken na'ura (radiotherapy), saboda yadda mutanenmu ke sayar da gona su nufi asibitin koyarwa na Shika ko Abuja da hotunan sikanin a leda, ba su ma san me ake sa ran gashin zai yi musu ba. Waraka ta Allah ce, ba gardama, amma likita na da abubuwan da yake dubawa ya yi hasashe tun ba a kunna na'ura ba. In ƙarin guda ɗaya ne bai yi girma ba, an samu an kankare shi tas ta hanyar fitsari, kuma bai toshe bututun da ke saukowa daga ƙoda har ƙodar ta kumbura ba, to akwai kyakkyawan zato, balle in an haɗa da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa. Ƙarancin jini ma na rage ƙarfin gashin, don ƙarin da ba ya samun oksijin sosai taurin kai gare shi. Kuma fa ba abin kwana ɗaya ba ne, galibi zuwa asibiti ne sau 20 cikin sati 4 ko sau 32 cikin sati 6 da rabi, in aka yi ta fashi don kuɗin mota ya ƙare ko na'ura ta tsaya sai cutar ta samu sarari.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yawancin binciken nan a Turai da Amurka aka yi su, inda taba ce babbar sila, mu kuwa a Arewa da yawa tsargiya ce mafari, yaro ya yi ta wanka a rafi yana fitsarin jini manya na dariya wai ya balaga, bayan shekaru ta zama kansa, kuma irin wadda tsargiya ke kawowa ba ta cika jin gashi kamar tasu ba, sau da yawa tiyatar cire mafitsara likitoci ke fifitawa.

To don Allah likitocinmu, ku zaunar da 'yan uwa ku yi musu bayani da Hausa, gashin nan don warkewa ne ko don tsayar da jini da rage ciwo kawai, duka biyun suna da amfani amma ya kamata mai biya ya sani. Gwamnatin Kaduna kuma ta sa kuɗi a riƙa bibiyar waɗanda aka yi wa gashin ana rubuta yadda suka ƙare, sannan a dage da rabon maganin tsargiya a makarantun firamare.

Naku,
Mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna