Zuwa ga mutumina, sabon mai injin gwajin dizal

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara.

Jiya bayan la'asar ƙaninka ya tare ni a bakin babbar kasuwa, baki har kunne, wai an damƙa maka injin CFR na ɗakin gwajinku, wato injin auna lambar siten, ma'aunin saurin kama wutar man dizal. Alhamdulillahi! Amma a bakin yaro zan ji? Wata huɗu ko layi ɗaya babu. Na yafe, albarkacin zaman Tudun Wada.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun ranar farko: injin nan kwatance yake yi, saboda haka ingancin sakamakonka yana ga man da ka kwatanta da shi. Ka san dizal ba ya son fulogi, zafin matsattsiyar iska ke kunna shi. Tsakanin fesawar nozul da kamawar wuta akwai ɗan jinkiri. In ya yi tsawo sai mai ya taru ya tashi gaba ɗaya, ka ji inji yana bugu, ga farin hayaki da safiyar hunturu. Wannan jinkirin ne lambar siten take nunawa.

A tsarin ASTM D613, ƙa'idar da ake bi a wannan gwajin, komai a ɗaure yake. Silinda ɗaya ce, juyi 900 a minti, mai mililita 13 a minti, iskar shiga digiri 66 na zafi, ruwan sanyaya silinda digiri 100. Ana fesa mai saura digiri 13 na juyawar karanshaf fistan ya kai ƙololuwa, kuma ana so wuta ta kama daidai a ƙololuwar. Abin da ke hannunka shi ne wannan ɗan sitiyarin da ke tura toshi cikin ɗakin ƙonewa, yana ƙara matsi ko ya rage. Ka murɗa har mita ta nuna jinkirin digiri 13, ka rubuta lambar da sitiyarin ya tsaya. Mai saurin kamawa matsi kaɗan ya ishe shi.

Sai ka kawo man ma'auni iri biyu, ɗaya sama da samfurinka, ɗaya ƙasa, kada tazarar lambar sitensu ta wuce 5.5. Tsantsar siten, sinadari mai saurin kamawa, lambarta 100 ce, abokin haɗinta HMN, sinadari mai jinkirin kamawa, kuma 15, shi ya maye gurbin tsohon mai lambar sifiri a 1962. Kashi 40 na siten da 60 na HMN zai ba ka 49, wato 40 da 9 (kashi 15 cikin ɗari na 60). Kai da lissafi, Allah ya sa ba ka manta yadda malamin aji uku ya yi fama da kai ba! A aikin yau da kullum dai man T da U, man ma'auni mai babbar lamba da mai ƙarama, za ka riƙa haɗawa bisa jadawalin da ya zo da su. In ma'aunanka 45 da 50 ne, samfurin ya faɗa tsakiyarsu cif, amsarka 47.5.

Af, an fara yankan shinkafa a fadamar Argungu, injinan casa ba sa barci. Maƙwabcinmu mai janareta har yanzu yana rantsuwa gas ɗin da aka kawo masa an sirka shi da kananzir. Ba mamaki, domin kananzir yana rage santsin da famfon mai yake buƙata, yakan kuma ja lambar siten ƙasa. Ya nuna mini takarda mai lambar siten a kai, alhali lissafi ce kawai daga nauyin mai da yanayin tafasarsa. Irin wannan lissafin ba ya ganin sinadarin da ake zubawa don ɗaga siten, injinku ne yake ganinsa.

Mu koma. Inda ake yawan yin ɓarna shi ne gaggawa. Ka bar injin ya yi kamar awa ɗaya yana aiki kafin ka karɓi lamba ko ɗaya. Duk sanda ka sauya tanki, ka wanke layi da sabon man, ka fitar da iska, ka jira allura ta natsu, in ba haka ba ragowar na baya kake aunawa. Murɗawarka ta ƙarshe kullum ta fuskanci gefe guda, saboda ɗan wasan da ke cikin zaren sitiyarin. In ka ga karatu yana yawo, fara da nozul: yana buɗewa a wajen fam 1500 na matsi a kowane murabba'in inci, kuma da ya yi baƙin dauɗa ko ya fara ɗiga, feshinsa ya lalace. Sannan tsantsar siten tana daskarewa a digiri 18, kada ka ajiye ta a gaban na'urar sanyaya ɗaki. Ka maimaita zagayen karatun sau biyu, ka ɗauki matsakaici, ko da mai kaya yana tsaye a kanka.

Auren ɗiyar mai shayinmu bayan Sallah ne, kuma ya ce in ba ka zo ba a turo masa kuɗin shayin da ka sha bashi. Hajiya tana tambayar jikin ƙaramin naka. Ka gaida uwargida, ka ce yajin da ta aiko ya ƙare.

Naka,
daga Birnin Kebbi