Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiya

Assalamu alaikum 'yan uwa abokan sana'a.

Kamar yadda babban taro ya ɗora wa kwamiti, bana mun fi ba da ƙarfi kan yankan farko, wato zaftare tulin ƙarfe kafin gyaran ƙarshe, a injin CNC mai yanka ƙarfe da umarnin kwamfuta. A aikin mazubin roba irin wanda masana'antun Sharada da Bompai ke kawowa, nan ne inji ke cinye lokaci, ga kuma tsadar dizal ga masu dogaro da janareta.

A zaman horon da muka yi, mun gwada tsohuwar hanya da sabuwa a kan ƙarfen P20 da ake yin mazubi da shi. A tsohuwar, wuƙa, wato ƙarfe mai haƙora da inji ke juyawa yana yanka da shi, tana cin rabin kaurinta ko fiye a gefe, zurfi kaɗan kaɗan, tana zagaya rami. Da ta shiga lungu sai ƙarfe ya rungume ta, inji ya yi kuka, baki ya dakushe ko ya karye. Sabuwar hanyar kowace manhajar tsara yanka da sunan da ta ba ta: Adaptive Clearing a Fusion 360, Dynamic a Mastercam, iMachining a SolidCAM, Vortex a PowerMill. Dabarar dai ɗaya ce, manhaja tana lanƙwasa hanyar wuƙa yadda abin da take ci ba zai wuce ƙima ba ko a lungu.

Misalin da muka yi ta maimaitawa: wuƙar kabaid (wani sinadari mai tsananin tauri) mai kaurin milimita 10 ta ci milimita 1 a gefe, ta nutse har milimita 20 in tsawon bakinta ya kai. Ta haka duk tsawon haƙoran ke aiki, ba tsinin kaɗai ba. Amma ga inda da yawa suka yi tuntuɓe. In cin gefe ya sauka zuwa kashi 10 cikin 100, ɓarɓashin da kowane haƙori ke ɗebowa yakan sirance zuwa kusan kashi 60 cikin 100 na abin da aka saita. Wanda bai ƙara gudun tafiya ba, guga kawai yake yi, zafi ya koma jikin wuƙa. Mun ga masu tsoron ƙara gudu suna ɗora wa manhaja laifi.

Mun kuma koyar da fara aiki da babbar wuƙa, sannan ƙarama ta bi ragowar da babbar ba ta isa ba, maimakon ta sake yankan iska. A riƙa shiga ƙarfe da murɗiya a gangare na digiri 2 zuwa 3, a bar kimanin milimita 0.3 domin gyaran ƙarshe. A rami mai zurfi, busa iska na fitar da ɓarɓashi don kada wuƙa ta sake taka shi.

Ra'ayin kwamiti shi ne ba kowane inji wannan hanya ta dace da shi ba. Yawancin namu na hannu aka saye su, masu tsohuwar ƙwaƙwalwar kamfanin Fanuc. Fayil ɗin umarnin sabuwar hanyar yakan yi girman da ba zai shiga ba sai an riƙa tura shi daga kwamfuta ta wayar RS-232, injin kuma ya yi ta dingishi a ƙananan lanƙwasa. Tace layukan su zama baka, wato umarnin G02 da G03, yana rage matsalar sosai. Inda bai wadatar ba, gara mutum ya zauna kan tsohuwar hanyarsa ya rage gudu a lungu.

Batun sayen wuƙaƙe a dunƙule bai yi nisa ba saboda canjin dala. Ma'aji zai karanta bayanin kuɗi daban, kuma masu bashin kuɗin wata sun san kansu.

Baɗi in Allah ya kai mu, za mu ɗauki maƙala aiki a kan tebur da maƙale wuƙa, domin yanka mai zurfi yana zare wuƙa daga mariƙinta in bai matsu ba. Mai inji da zai iya karɓar zaman horo a shagonsa ya ba sakatare sunansa kafin a tashi taro.

Wassalam,
Sakatare, a madadin Kwamitin Gudanarwa