A Riƙa Faɗa Wa Masu Kiwo Ta Inda Cuta Ke Shigowa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci a kan yadda ake ba da labarin cututtukan dabbobi, domin sau da yawa akan faɗi sunan cuta da yawan dabbobin da suka mutu, amma ba a faɗin ta inda ta shigo, alhali wannan ne abin da mai kiwo ya fi buƙatar sani.

Likitocin dabbobi sun kasa cututtuka bisa asalinsu da hanyar yaɗuwarsu. Akwai waɗanda dabba ke ɗauka kai tsaye daga 'yar'uwarta, kamar ciwon huhu na shanu da ke bin numfashi a mashaya da kasuwar kara, da bushiya wadda ta yi wa garkunanmu mummunar ɓarna a 1983 kafin a sanar da kawar da ita daga duniya a 2011. Maganin irin waɗannan shi ne rigakafi da ware marar lafiya. Akwai kuma masu buƙatar ɗan aike: sammore sai ƙudan tsando ya ciji saniya, ciwon hanta kuwa tsutsarsa na girma ne a jikin dodon koɗi a fadama, don haka ware dabbar ba zai hana komai ba muddin ana kiwo a wurin.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne ciwon saifa, wanda ya ɓulla a Suleja a 2023. Ƙwayarsa na iya shafe shekaru da dama cikin ƙasa. Saniya takan faɗi farat ɗaya, baƙin jini marar daskarewa yana fita ta hanci, sai a yi maza a yanka a feɗe don kada a yi asara, ta haka kuma cutar ke kama mahauci, ta gurɓata wurin.

Wasu kuma ba sa yaɗuwa sam. Bara maƙwabcina ya yi mako biyu yana yi wa tunkiyarsa allurar da ya sayo a kasuwa, har ya raba ta da sauran, da aka yanka ta sai ga leda cunkushe a tumbinta.

Saboda haka ina roƙon wakilanku, duk lokacin da cuta ta ɓulla, su tambayi likitocin cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ko na jiha rukunin da take ciki, su buga amsar tare da labarin.

Naka,
Mai karatu daga Funtuwa