Wasiƙar Godiya Ga Kamfanin Da Ya Kai Mu Yawon Keke Daga Guilin Zuwa Xi'an

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan kamfanin yawon buɗe ido na garin Yangshuo da ya shirya mana tafiya,

Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, na ga ya dace in rubuta wannan wasiƙa a bainar jama'a, kuma da harshen da 'yan'uwana 'yan kasuwa za su karanta, domin su san cewa akwai inda ake karɓar baƙo da mutunci a ƙasar Sin. Na roƙi ɗaya daga cikin yaranmu da ke karatu a ƙasarku ya fassara muku ita.

Ni ɗan kasuwa ne mai sarin yadi, na daɗe ina kai da komo tsakanin Kano da Guangzhou, amma duk tsawon wannan lokaci abin da na sani na ƙasar Sin bai wuce unguwannin Xiaobei da Sanyuanli ba, sai ɗakin otal da rumbunan ajiyar kaya. Ba don ba ma son ganin gari ba ne. Duk sa'ad da muka yi yunƙurin fita, sai mu faɗa hannun irin dillalan nan da za su yi ciniki da kai a kan kuɗi kaza, su ce za a kai ka wurin tarihi, amma motar ta ajiye ka a shagon ganyen shayi ko na duwatsun ado, a rufe ƙofa, a shafe rabin yini ana yi maka talla, saboda mai rakiyar yana da la'ada a kan duk abin da ka saya. Idan an isa wurin da aka yi alkawari kuwa, sai a ce kuɗin shiga daban ne. Akwai daren da muka zaga otal-otal da jakunkunanmu a hannu, kowanne da zarar ya ga fasfonmu da fuskokinmu sai ya ce ɗakuna sun cika, alhali muna kallon waɗanda suka zo bayanmu ana miƙa musu makulli. Kuma babu ɗan kasuwarmu da ya manta da abin da ya faru a Guangzhou a watan Afrilun 2020, lokacin annobar korona, sa'ad da aka fitar da 'yan Afirka da dama daga gidajen haya da otal-otal. Saboda haka da abokan tafiyata suka kawo shawarar mu shiga yawon keke na rukuni a yankin Guangxi bayan mun gama sari, da zuciya biyu na amsa.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne tambayoyin da kuka aiko mana tun kafin ku karɓi ko yuan ɗaya. Kun tambayi shekarun kowa, da wanda ke da ciwon gwiwa ko hawan jini, da abin da muke ci da wanda ba ma ci, da lokutan da muke buƙatar tsayawa domin salla. Kun kuma gargaɗe mu cewa WhatsApp da Facebook ba sa aiki a kan intanet ɗin ƙasar, domin sababbin zuwa a cikinmu su shirya yadda za su ji daga iyalinsu. Kuɗin da kuka rubuta a takarda shi muka biya, ba a ƙara mana komai a hanya ba. Kekunan lafiyayyu ne, tikitin jirgin ƙasa mai sauri daga Guangzhou zuwa Guilin yana jiranmu, kuma babu otal ɗin da ya tsayar da mu a bakin kanta.

Amma wadda ta sa na ɗauki alƙalami ita ce jagorarmu, matashiya 'yar ƙabilar Zhuang, wadda tun a kwanakin farko dattawan cikinmu suka koma kiranta 'yarmu, mu kuma muna ce mata ƙanwarmu. Ba Musulma ba ce, kuma ta faɗa mana ba ta taɓa raka Musulmin Afirka ba, amma ta ɗauki lamarin abincinmu kamar ita za ta ci. A Yangshuo abincin da garin ya yi suna da shi kifi ne da ake dafawa da giya, kuma kusan kowane gidan abinci a titin Yamma shi yake fara miƙa wa baƙo. Ita ta tare mu tun kafin mu zauna, ta bayyana mana yadda ake dafa shi. Ita ce kuma ta sanar da mu cewa ko ganye zalla ka nema, a ƙauyuka da yawa da kitsen alade ake soya shi, abin da mai rakiyar da ba ruwansa zai yi shiru a kai ya bar ka ka ci. A cikin gari tana kai mu shagunan taliyar naman shanu na Musulmin ƙabilar Hui. Da muka shiga ƙauye inda babu irinsu, sai ta sayi sabuwar tukunya da man gyaɗa ta ajiye a motar da ke bin mu a baya, duk inda muka sauka ta shiga madafa da kanta ta tsaya har a dafa mana shinkafa da ƙwai da kifi a cikin tukunyarmu. Babu wanda ya sa ta, kuma wannan ba ya cikin yarjejeniyar da muka sa wa hannu.

Haka ma batun salla. A hanyar da ke bin gaɓar kogin Yulong, inda keke ke ratsa gonakin shinkafa da lambunan lemo, ga ɓaunaye suna kiwo, ga tsaunukan nan na farar ƙasa a tsaitsaye ɗai-ɗai kamar dalar gyaɗa, lokacin Azahar ya riske mu nesa da masauki. Ta sauka daga kekenta ta je ta nemi izinin wani manomi, ya ba mu dandamalin sumuntin da yake shanya amfanin gona, ya kuma kawo mana ruwan alwala. Da masu wucewa suka fara ɗaga wayoyinsu, sai ta tsaya tsakaninmu da su, ta yi musu bayani cikin ladabi har suka sauke. Da ta gane muhimmancin ranar Juma'a a wurinmu, ta kira ofishinku, kuka sauya jerin tafiyar gaba ɗaya domin ranar ta same mu a Guilin, muka yi salla a tsohon masallacin titin Chongshan tare da Musulmin garin. Na san sauya otal da mota a ƙurarren lokaci asara ce gare ku, amma ba ku ɗora mana ita ba.

Akwai kuma wani dattijo a cikinmu, Alhaji ne da ya haura sittin, wanda ya girma a kan keke Phoenix kuma ba ya son a ce ya gaza. A hawan da ya yi tsanani numfashinsa ya fara sarƙewa, ya kuwa ƙi yarda ya shiga mota. Maimakon ta yi masa magana a gaban mutane, sai ta matsa kusa da shi ta ce tana neman alfarma, Baba ya taimaka ya gwada mata keke mai batir da kamfani ya kawo, domin tana son jin ra'ayin wanda ya san keke. Ya karɓa da fara'a, ya ƙarasa tafiyar a gaban kowa. A ganina wannan ba horon ofis ba ne, tarbiyya ce ta gida.

Wuraren da muka gani sun cancanci wahalar. A Xingping mun tsaya a bakin kogin Li daidai inda aka ɗauko hoton da ke bayan takardar yuan 20, kuma a Longji mun ajiye kekuna muka hau da ƙafa cikin gonakin shinkafar da 'yan ƙabilun Zhuang da Yao suka sassaƙa hawa-hawa a jikin dutse tun ɗaruruwan shekaru. Daga nan jirgin sama ya kai mu Xi'an. Mun ziyarci babban masallacin birnin, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 742 a zamanin daular Tang, ginin katako mai farfajiya bayan farfajiya, babu ƙubba irin wadda muka saba gani. Da aka zo zuwa wurin mutum-mutumin sojojin yumɓu na sarki Qin Shi Huang, waɗanda manoma masu haƙar rijiya suka tono a 1974, wasu daga cikinmu suka ce zuciyarsu ba ta kwanta da shiga ba. Ba ta yi musu gardama ba, ta samar musu wurin zama, kuma da yamma ta mayar musu da kuɗin tikitinsu a cikin ambulan. Ban taɓa ganin dillalin tafiya ya mayar da kuɗin da ya riga ya shiga hannunsa ba tare da an kai ruwa rana ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne zagayen da muka yi da keke a kan ganuwar Xi'an, wadda aka gina a ƙarni na 14 zamanin daular Ming, tsawonta kusan kilomita 14, kuma faɗin samanta ya isa motoci su yi kicibis. Ina tuƙi ina tuna badalar Kano, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ya fara gina ta tun ƙarni na 12, wato ta girmi wannan da muke kai, amma yau an yanka ta filaye a wurare da dama, wani wurin an mai da shi juji, wani ruwan sama ya cinye. Su mutanen Xi'an sun mayar da tasu abin da ke ciyar da masu hayar keke da masu rakiya da masu sayar da abinci. Kuma matsalar ba ta tsaya ga gine-gine ba. Mutum zai biya kuɗin biza da tikiti a wurin wasu ejan-ejan namu na gida, waɗanda muke sahu ɗaya da su a masallaci, daga ranar da kuɗin ya shiga asusunsu wayarsu ta daina shiga, idan ka je ofis a ce maka oga ya fita. Masu zuwa Umara sun san wannan, ɗalibai masu neman gurbin karatu a waje sun san shi, kuma mun saba da shi har ya zama idan aka cika mana alkawari sai mu riƙa neman inda tarkon yake.

Roƙona gare ku guda biyu ne. Ku riƙe wannan yarinya da kyau, ku ƙara mata albashi, domin masu irin halinta ba su da yawa a wannan sana'a. Sannan ku sa tsarin abinci da tsayawar salla da ta ƙirƙiro ya zama rubutaccen tsarin kamfani, saboda abokan kasuwancinmu da dama da ke zuwa baje-kolin Canton da ake yi a Guangzhou sun riga sun karɓi adireshinku a wurina, kuma ba lallai ne ita za su samu ba.

Na gode ƙwarai. Allah ya ƙara wa kasuwarku albarka.

Naku,
Wani ɗan kasuwar yadi daga Kano