Roƙon Tallafi: Kwalbatin Ƙofar Masallaci Kafin Damina Ta Kankama

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayenmu malamai, alhazai da hajiyoyi, da duk mai bin layin masallacin unguwarmu.

Wanda ya fito sallar asuba ranar da aka yi ruwan farko ba sai an ba shi labari ba. Ruwa ya cika layi har ya haura dakalin masallaci, tabarmin sahu uku na baya suka jiƙe sharkaf, kwata ta haɗu da wurin alwala. Dattawa sai da suka naɗe wando zuwa gwiwa suna lalube da sanda. Yaran Islamiyya kuwa, ƙanana 'yan aji ɗaya, goyo aka riƙa yi da su ana tsallakarwa. Wannan fa somin taɓi ne, Agusta tana nan tafe. Bara, kun gani da idonku, makara sai da aka zagaya da ita ta bayan layi saboda ba a iya wucewa ta gaban masallaci.

Tsofaffin unguwa sun san asalin abin. A da akwai kududdufi a gabas da mu, shi ke shanye ruwan unguwa gaba ɗaya. Da gari ya faɗaɗa, dillalai suka cike shi, aka yanka fuloti awon igiya, babu taswira, babu hanyar ruwa. Gidaje suka tashi, har da benaye. Ba mu ga laifin wanda ya nemi wurin zama ba, Kano kullum ƙara cika take yi. Amma ruwa ba ya manta hanyarsa, da aka toshe masa can, sai ya dawo mana nan.

Mun bi ta hanyar da ta dace. Mai unguwa ya kai mu wurin kansila, muka rubuta takarda zuwa ƙaramar hukuma, har injiniya ya zo ya auna ya ɗauki hoto. Da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, mun ɗauka namu ya zo. Amsar da muka samu ita ce layinmu bai shiga kasafin bana ba, sai an gama da manyan tituna. To, Allah ya ba su iko. Takardarmu tana can, ba mu janye ba, amma ruwan sama ba ya jiran kasafi.

Abin da muke so mu yi ba mai yawa ba ne: kwalbati ɗaya a bakin masallaci, lambatu na bulo zuwa babbar magudana, sai jar ƙasa a cike ramukan. Siminti muke nema, da rodi, da yashi, da tsakuwa, da kuɗin magina. Leburanci matasanmu sun ce aikin gayya za su yi.

Dole mu tuna da alherin bara. Akwai wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai da ta kawo cinikin yini guda ƙulle a bakin zane, ta ce kada a faɗi sunanta. 'Yan garuwa da masu adaidaita sahu sun haɗa kuɗin tifa ɗaya ta yashi. Allah ya saka musu da gidan Aljanna. Sai dai wannan yashin ruwa ne ya kwashe shi, domin simintin da aka yi alkawari a gaban liman bai iso ba har yau. Ba za mu kama suna ba. Alhaji, motarka ma ta wannan layin take bi, kuma kuɗin da bakanike ke karɓa ya fi buhu biyar.

Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Mai buhu ɗaya ya kawo, mai bulo goma ya kawo. Iyaye mata za su iya bai wa shugabar Islamiyya. Ma'ajin kwamiti yana masallaci bayan kowace salla da littafin rasit, kuma za a karanta abin da aka tara ranar Juma'a. Masu zuba shara da leda a lambatu kuma, don girman Allah a daina.

Wassalam,
Kwamitin Masallaci da Islamiyya