Wasannin mata: kada a yi wa mai sauya jinsi da mata-maza kuɗin goro

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne a kan shirinku na wasanni na daren Asabar da ta gabata, wanda kuka buɗe layi kan mazan da ke sauya jinsi su shiga gasar mata. Na saurara tun daga farko har kuka yi sallama. Sau uku ina kira layin bai shiga ba, shi ya sa na zauna na rubuta. Ni malamar wasannin motsa jiki ce a wata makarantar 'yammata a nan Katsina, shekarata goma sha tara ina riƙe da usur da agogon gudu, kuma ni ma na yi tsere da ƙuruciyata.

Zan fara da inda bakinmu ya zo ɗaya da masu kiran. Wanda ya balaga a jikin namiji bai kamata a jera shi da mata a layin tsere ba, ko ya sauya suna, ko ya sauya takardu, ko ya sha magani. Ban faɗi haka don ƙin kowa ba, abin da nake gani a fili ne kowace shekara. Je ka firamare ranar wasannin makaranta, ka tsayar da ɗan aji huɗu da 'yar aji huɗu. Kusan tare suke isa, sau da yawa ma yarinyar ce a gaba, don mace kan riga namiji miƙewa. Bar su shekara biyar ka dawo. Yaron nan da take bari a baya, yanzu ko ƙurarsa ba za ta gani ba, kuma ba don ya fi ta himma ba.

Balaga ce ta raba su. Da namiji ya fara balaga, sinadarin testosteron da ke jikinsa yakan hau har ya ninka na mace kamar sau 15. Shi ke ƙara masa tsawo, ya buɗa kafaɗa, ya kaurara ƙashi, ya tara tsoka, ya ƙara girman zuciya da huhu, ya kuma ƙara sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini. Ita kuwa mace jikinta wani shiri yake yi daban: ƙugu ya buɗe, kitse ya ƙaru, ga al'ada duk wata tana rage mata jini. Agogo kuma ba ya son kai. Usain Bolt ya gama mita 100 cikin sakan 9.58 a 2009. Macen da ta fi kowace mace sauri a tarihi, Florence Griffith-Joyner, 10.49 ta yi tun 1988, har yau ba macen da ta kamo ta, alhali samari 'yan sakandare da yawa a Amurka da Jamaika sun wuce wannan. Misalin da ya fi taɓa ni na gida ne. Chioma Ajunwa ta ciyo wa Najeriya zinare a dogon tsalle a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 da mita 7.12. A wannan gasar Carl Lewis ya ci na maza da mita 8.50. Da a ce ba a ware wa mata nasu rukunin ba, da Chioma ko zagayen ƙarshe ba ta kai ba, da babu wanda ya san sunanta.

Mu da ke ɗaukar kayan wasa daga sito mun san wannan da hannunmu. Dalmar da namiji ke jifa kilo 7.26 ce, ta mace kilo 4. Mashin namiji giram 800, na mace 600. Ragar ƙwallon raga ta maza tana kan mita 2.43, ta mata 2.24. Ba raini ya sa aka yi haka ba, jiki aka duba.

Masu goyon bayan a bar su sukan ce ai an ba su magani ya sauke sinadarin. Gaskiya ne yana sauke wasu abubuwan, jini ma cikin kamar wata huɗu yake komawa daidai da na mace. Amma binciken da aka tattara ya nuna bayan shekara guda ƙarfin tsoka kamar kashi 5 cikin 100 kawai yake raguwa, alhali ratar da ke tsakanin maza da mata a gudu ta kai kashi 10 zuwa 12, a ɗaga ƙarfe kuwa ta haura 30. Magani kuma ba ya rage tsawon ƙafa, ba ya mayar da kafaɗa. Lia Thomas shekara uku aka yi ana fafatawa da ita a rukunin maza na jami'ar Pennsylvania, bayan sauya jinsi kuma ta lashe gasar ninƙaya ta yadi 500 ta matan jami'o'in Amurka a Maris 2022. Na san ba su da yawa. Shugaban hukumar wasannin jami'o'in Amurka ya shaida wa majalisarsu a Disamba 2024 cewa waɗanda ya sani ba su kai goma ba cikin 'yan wasa 510,000. Na kuma san ba kullum suke ci ba: Laurel Hubbard ta New Zealand, mai ɗaga ƙarfe da ta sauya jinsi, ta kasa ɗaga ko ɗaya cikin gwaji uku a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021. Sai dai lambar zinare guda ce a kowane tsere, layukan zagayen ƙarshe kuma takwas ne. Duk wanda ya shiga, wata yarinya ce ta fita, bayan ta yi shekara goma tana tashi da asuba.

Mu 'yan Najeriya ai mun san zancen. Don me ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannun 'yan ƙasa da shekara 17 tun gasar ƙwallon ƙafa ta duniya da muka karɓi baƙunci a 2009? Don kada ɗan shekara ashirin da uku ya danne yaro. To hikimar guda ce. Hukumar ninƙaya ta duniya ta rufe wannan ƙofa a Yuni 2022, ta guje-guje da tsalle-tsalle a Maris 2023, ta tseren keke a Yuli 2023. A ganina sun yi daidai.

Abin da ya hana ni barci a daren nan daban ne, Malam Edita. Masu kira sun yi ta ambaton Caster Semenya da Imane Khelif a matsayin ƙattin da suka sa rigar mata don su saci lamba, ana ta dariya, mai gabatarwa kuma bai tsayar da kowa ba. Matan nan ba su sauya komai ba. Semenya a wani ƙauye na lardin Limpopo a Afirka ta Kudu aka haife ta, aka raɗa mata sunan mace, ta tashi a mace. Tana da shekara 18 ta ci mita 800 a Berlin a 2009, sai ta wayi gari duniya gaba ɗaya tana tattauna abin da ke ƙarƙashin tufafinta. Khelif 'yar dambe ma a mace aka haife ta aka kuma rene ta a Aljeriya, kwamitin Olamfik da kansa ya bayyana a Faris a 2024 cewa batunta ba na sauya jinsi ba ne. Ga maƙwabciyarmu Aminatou Seyni ta Nijar, wadda dokar da ta ƙayyade yawan testosteron a jikin mata masu tsere ta hana ta gudun mita 400, ta koma mita 200 har ta zo ta huɗu a gasar duniya ta 2022. Wane laifi ta yi wa wani?

Akwai wanda ya girma a namiji sannan ya zaɓi ya koma mace, akwai kuma wadda Allah Ya halitta da wani bambanci a jikinta, wani lokaci ita kanta ba ta sani ba sai likita ya faɗa mata. Mu ne ya kamata mu fi kowa gane wannan, don ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Muna da kalmar mata-maza tun kaka da kakanni. Duk wanda ya yi karatun zaure har ya kai ƙarshen Muhtasar na Shehu Halilu ya san da hukuncin hunsa, wato mata-maza, aka rufe littafin: alamomin da ake dubawa, da yadda za a ba shi rabin rabon namiji da rabin rabon mace a gado idan lamarin ya rikice. Malamanmu zama suka yi suka nema wa wannan bawan Allah haƙƙinsa. Ba su mayar da shi abin dariya a kasuwa ba.

Ba na cewa batun irin waɗannan mata mai sauƙi ne a filin wasa. A tseren mita 800 na Rio a 2016, duka ukun da suka hau mumbari, Semenya da Francine Niyonsaba ta Burundi da Margaret Wambui ta Kenya, daga baya dokar sinadarin ta shafe su. Wadda ta zo ta huɗu a ranar tana da abin faɗa, kuma ina jin zafinta. Kotun wasanni ta duniya ma da ta yanke hukunci a 2019 ta yarda dokar tana nuna bambanci, amma ta ce ya zama dole don a kare gasar mata. Idan likitoci suka duba suka ce jikin wata yana amfana da ƙarfi irin na maza, a yi mata bayani cikin mutunci da sirri. Hana ta gasa abu ɗaya ne, kiranta maƙaryaciya a gidan rediyo wani abu ne daban.

Gwajin tantance jinsi kansa yana da tarihi mai ciwo. A 1966 tuɓe mata ake yi a gaban likitoci kafin su shiga gasa. A 1985 gwajin ƙwayoyin halitta ya kayar da Maria José Martínez-Patiño ta Sifaniya, labarin ya fita, aka kore ta, sai a 1988 aka mayar da ita bayan an tabbatar jikinta ba ya amfani da sinadarin testosteron ko kaɗan. Kwamitin Olamfik ya daina yi wa kowa gwajin a 1999. Yanzu tun daga Satumba 2025 hukumar guje-guje ta dawo da shi, sau ɗaya a rayuwa, da ɗan auduga a cikin kunci ko ɗigon jini. Ya fi tuɓewa nesa ba kusa ba, matuƙar sakamakon zai tsaya tsakanin yarinya da likitanta.

Dalilin da ya sa na nace ga shi. Shekara uku da suka wuce ina da wata ɗaliba daga wani ƙauye da ke kan hanyar Daura. Doguwa ce, baƙa, mai faɗin kafaɗa da kaurin murya. Tun tana ƙarama take jan guga, take daka, take surfe, take ɗauko itace daga daji, to yaya kuke so damtsenta ya zama? Sai da na je gidansu sau biyu, na zauna a zaure da mahaifinta, na nuna masa dogon wando da hijabin da za ta yi gudu a ciki, kafin ya ce Allah Ya ba da sa'a. Ranar gasar makarantu ta ci mita 400 da rata mai yawa. Ba ta gama haki ba wasu samari a bakin fili suka fara ihun namiji ne. Wani malami daga wata makaranta ya taso ya ce sai an shiga da ita ɗaki an duba ta, a gaban ɗalibai yake faɗa da ƙarfi. Na ce ba mai taɓa min yarinya. Ni nake raka ta ɗakin shan magani duk wata idan ciwon mara ya kwantar da ita, na san abin da na sani. Aka ba ta kyautarta, ta karɓa tana kuka.

Kafin mu yi hutu labarin ya riga ta isa ƙauye, kuma ya isa da ƙari. Mata suka riƙa zuwa wurin mahaifiyarta wai jaje. Mahaifin ya aiko min cewa kada ta sake taka fili, ya ce shi ba abin da yake tsoro kamar 'yarsa ta rasa mijin aure saboda faranti da kwalin sabulu. Ban iya ba shi amsa ba. Yarinyar ta ƙarasa karatunta, amma ko ranar wasannin makaranta a aji take zama, ta sa hijabi har ƙasa, ta daina ɗaga murya idan tana magana. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wannan lamarin ido ya sha yin ƙarya, kuma ƙaryarsa kan 'yar talaka take faɗawa.

Samarin nan ba su ƙirƙiro ihun da kansu ba, a waya da rediyo suka ji manya suna yi. A iya sanina, ban taɓa cin karo da namijin da ya sauya jinsi ya zo tsere da ɗalibaina ba. Abin da na ci karo da shi shi ne yarinya lafiyayya da aka kora daga fili da baki. A garin da sai an yi ta roƙo kafin uba ya bar 'yarsa ta yi gudu, kowace irin wannan magana tana rufe ƙofar gidaje goma. Ina da 'yammata yanzu haka masu burin wata rana su yi tsere a filin wasa na Muhammadu Dikko iyayensu na kallo, kuma wasu daga cikin iyayen nan sun saurari shirinku.

Magana zarar bunu ce, wadda ta fita ta fita, amma kuna da wata Asabar. Ina roƙonku ku sake ɗauko batun. Ku gayyato likitar mata ta bayyana wa jama'a bambancin sauya jinsi da halittar mata-maza cikin Hausa mai sauƙi, ku gayyato malamin fiƙihu, ku gayyato mace guda da ta taɓa yin gasa. Idan mai kira ya ambaci sunan wata ya ce namiji ce, mai gabatarwa ya tambaye shi hujjarsa. Ina kuma kira ga masu shirya gasar makarantu a jihar nan su rubuta ƙa'ida tun kafin a hura usur: wanda ke da ƙorafi a kan wata ɗaliba ya kai shi a rubuce, cikin sirri, kuma ba mai duba jikin yarinya sai likita mace, da sanin iyayenta. Idan kuka sa ranar shirin, ku sanar tun da wuri, zan tara ɗalibaina mu saurara tare.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah Ya ƙara basira.

Taku mai sauraro,
Malamar wasannin motsa jiki,
Ƙofar Ƙaura, Katsina