Wasiƙar Godiya ga Maigida da Ma'aikatan Shagon Kafinta da Suka Ƙera Mana Hasumiyar Bakin Teku

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a madadin malaman labarin ƙasa da na kimiyya na makarantarmu da ke Yelwan Yauri, domin mu gode muku a bainar jama'a bisa ƙaramin samfurin hasumiyar fitilar jiragen ruwa da kuka ƙera mana, tare da gaɓar teku da duwatsunta.

Ɗalibanmu 'ya'yan bakin ruwa ne, sun san Kogin Neja, sun san kwalekwale da taru, amma kusan dukkansu ba su taɓa ganin teku ba, kuma zanen allo bai isa ya nuna musu dalilin da ya sa ake gina dogon gini a kan dutse a ɗora masa fitila ba. Wannan ne ya kai mu shagonku, kuma tun a zaman farko, Maigida, kuka tambaye mu abin da ya zama ginshiƙin aikin gaba ɗaya, wato ma'aunin da za a bi. Muka tsayar da ɗaya bisa ɗari, ta yadda hasumiya mai tsawon mita 30 za ta dawo santimita 30, ƙofarta santimita 2, mai gadinta kuma bai cika santimita 2 ba. Daga nan ba ku yarda wani abu ya hau kan allon ba sai an gwada shi da wannan ma'auni.

Abin da ya fi burge ni shi ne maganar yashi. Mun kawo muku yashin bakin kogi cikin buhu muna ganin mun sauƙaƙa muku aiki, sai kuka ɗebo kaɗan a tafin hannu kuka nuna mana cewa ƙwayar da ta kai milimita 1 daidai take da dutse mai faɗin santimita 10 a wannan ma'auni, don haka idan aka zuba shi yadda yake, gaɓar za ta zama filin tsakuwa. Yaranku suka tankaɗe shi da rariya, suka sake tace shi da ƙyalle mai laushi, sannan suka barbaɗa shi a kan gam mai ruwa-ruwa, suka duhunta wurin da igiyar ruwa ke jiƙawa. Duwatsun kuwa daga farin soson da ake naɗe firij da shi aka yanko su, aka shafe su da filasta, aka bi su da fenti hawa-hawa har sai da mai taɓawa kaɗai zai gane ba dutse ba ne. Ruwan ma bai fito da launi ɗaya ba, ya yi duhu a wuri mai zurfi, ya yi haske a kusa da gaɓa, aka bi shi da banish har ya ɗauki sheƙi, aka yi kumfar igiya da zaren auduga.

Game da hasumiyar kanta, mun ba da shawarar a yanko bututun roba don a rage kuɗi, kuka ƙi, kuka ce hoton da muka kawo yana da faɗin gindi yana tsukewa zuwa sama, kuma bututu ba zai ba da wannan siffa ba. Gaskiyarku ne, domin siffar tana da dalili. Hasumiyar Eddystone da injiniya John Smeaton ya kammala a 1759 a tekun kudancin Ingila an yi mata faɗin gindi ne don nauyinta ya taru a ƙasa ta jure bugun ruwa, an kuma sassaƙa duwatsunta suna shiga cikin juna kamar yadda kafinta ke haɗa kusurwar akwati. Kuka zauna a injin juya katako kuka fitar da ita daga guntun itace ɗaya, ba tare da kun ƙara mana ko sisi a kan abin da aka yi ciniki ba.

Fitilar ce ta fi ba ku wahala, kuma ita ce ta fi amfanar darasi. A irin waɗannan hasumiyoyi da yawa wutar ba ta mutuwa, gilashin da ke tattara haske ne yake zagayawa, shi ya sa matuƙin jirgi ke ganin walƙiya lokaci-lokaci, kuma kowace hasumiya da nata tsarin walƙiyar, wanda da shi ake bambanta ta da maƙwabtanta cikin dare. Gilashin da Bafaranshe Augustin Fresnel ya ƙirƙiro, wanda aka fara ɗorawa a hasumiyar Cordouan ta ƙasar Faransa a 1823, shi ya sa hasken ƙaramar wuta yake kaiwa nesa sosai. Ku kuma kuka ciro gilashin tsohuwar tocila, kuka haɗa shi da ƙaramin injin tsohon rikoda, kuka rage masa gudu da roba da ƙafafun juyi har ya riƙa zagaya ƙwan a hankali.

Ranar da muka rufe tagogin aji muka kunna ta, wata ɗaliba ta tambayi dalilin tsawon ginin, sai muka samu hanyar bayyana musu cewa doron ƙasa a lanƙwashe yake, kuma fitilar da ke mita 30 sama da ruwa ana iya hango ta daga kusan kilomita 20. Daga nan hira ta kai mu ga hasumiyar Iskandariya ta Masar, wadda aka gina wajen shekara 280 kafin haihuwar Annabi Isa, tsawonta ya haura mita 100, girgizar ƙasa ta rusa ta, daga baya Sarkin Masar Ƙaitbai ya gina ganuwar tsaro a wurinta. 'Ya'yan masunta kuma suka kawo zancen haɗarin tafiyar dare a kogi ba tare da fitila ba, abin da suka fi mu sani.

Muna kira ga makarantun Jihar Kebbi da ke buƙatar kayan koyarwa su nemi masu sana'ar hannu na garuruwansu, kuma ƙofarmu a buɗe take ga duk malamin da yake son ya zo ya ga wannan aiki da idonsa. Maigida, Allah ya saka muku da alheri, ya albarkaci shagonku, ya sa yaran da kuke koya wa sana'a su gaje ku.

Wassalam.

Naku,
Malamin labarin ƙasa, a madadin abokan aikinsa,
Yelwan Yauri, Jihar Kebbi.